Rokar Kwali a Gidan Tala

"Kai mai kwali, sauko."

Zakariyya ya sunkuya ya fito daga motar, kwalin yana rungume a ƙirjinsa. Tun daga tashar Gidan Rumji yake riƙe da shi a cinya, ya hana a ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa don kada a matse abin da ke ciki. An tsayar da su ne a bakin Gidan Tala, inda mutanen garin suka gitta ganguna biyu da reshen ƙaya a kan jar hanya. 'Yan banga biyar ne a wurin. Wanda ya yi maganar dattijo ne mai furfura, dogo, da bindigar mahalba a kafaɗa, sauran suna kiransa Baba Ɗan Bala.

Kowa a motar ya san abin da ya sa aka kafa shingen. Kwana tara da suka wuce 'yan bindiga sun shigo Gidan Tala a kan babura, suka kashe mutum huɗu, suka kore shanun gari kaf. Tun daga ranar ba a bar ko kwandon kaji ya wuce ba a leƙa shi ba, domin magana ta bazu cewa akwai masu kai wa mutanen daji mai da burodi da makamai, kuma a irin waɗannan motocin suke wucewa.

"Mi ke ciki?"

"Kayan koyarwa ne, Baba. Ni mushe ne, ina koyar da kimiyya a kolej ɗin da ke gaba."

"Buɗe."

Ya durƙusa ya ajiye kwalin a ƙasa, ya ɓare gam ɗin da aka liƙe shi da shi. A ciki akwai wani kwalin mai launi, a jikinsa an zana roka tana tashi sama, wuta na fita ta gindinta. Zakariyya ya ji hirar da ake yi a bayansa ta tsaya cak. Ɗan Bala bai taɓa bututun kwalin ba, bai taɓa fukafukan katakon ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye ga wata 'yar leda mai ɗauke da abubuwa uku masu kama da batir, kowanne kamar babban yatsa. Ya yage ledar da haƙori, ya kai ɗaya hancinsa, ya daɗe yana shinshinawa.

"Albarushi," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

"Kaɗan ne, Baba. Shi ne injinta. Abin wasa ne, yara ke haɗa shi a ƙasashen waje. Wata tsohuwar ɗalibata ce, Marwa, tana karatun injiniya a Aljeriya, ita ta aiko mini ta hannun wani ɗan kasuwa, don in nuna wa 'yan ajina yadda..."

Bai ƙarasa ba aka tokare shi da gindin bindiga a kafaɗa, ya faɗi zaune. Wani ya zare salularsa daga aljihu, wani ya ɗauke katin shaidarsa. Ranar kasuwar garin ce, kafin ya gyara zamansa mutane sun fara barin rumfunansu suna tahowa.

Ɗan Bala ya leƙa cikin motar. "Akwai wanda ya san mutumin ga?"

Zakariyya ya ɗaga kai ya nemi Kyauta da ido. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ce a garin da yake koyarwa, 'yarta tana ajinsa shekara biyu ke nan, kuma tun daga tasha suke hira, har ta ba shi ƙuli ya kai wa yara. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Mushe ne dai," ta ce. "Amma ni ban san abin da ke cikin kayansa ba."

Direba ya tambaya ko zai iya wucewa. Aka janye ƙayar. Zakariyya ya bi motar da kallo har ta sha kwana a bayan rumbuna.

Aka ja shi gindin wata bishiyar bedi kusa da shingen. Bai san yawan mutanen da suka kewaye shi ba, ƙafafu kawai yake gani, da sanduna, da bakin wata adda. Wata mata tana kuka tana cewa a bar mata shi. Wani yana cewa a kawo taya. Ya buɗe baki zai sake bayani, hayaniya ta danne muryarsa. Abin da ya zo masa a rai a lokacin shi ne bai gaya wa matarsa Ikilima motar da ya shiga ba.

Ƙarar motar jandarma ce ta raba taron. Su uku ne kawai a ciki, sun zo zagayen ranar kasuwa. Babbansu, Ajidan Harouna, gajere ne mai ƙiba, idanunsa jajaye kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya saurari Ɗan Bala har ya gama, ya duba katin Zakariyya, ya juya takardar bayanin da ke cikin kwalin. Da Ingilishi aka rubuta ta, sai dai akwai zane-zane.

"Za mu tafi da shi Gidan Rumji mu bincika," in ji Ajidan.

"Ba inda za a kai shi." Ɗan Bala ya tsaya a gaban motar, mutane suka taru a bayansa. "Wanda munka ba ku bara, kwana biyu munka gan shi kasuwa shina shan shayi. Ni na wanke ɗana Mudassir da hannuna, Shef. Harsashi ukku na ƙirga a jikinsa. Wanga ba shi barin garin ga sai mun san mi ya ɗauko."

Ajidan ya dubi yaransa biyu, ya dubi taron da ya fi mutum ɗari. Sai ya zo ya tsuguna kusa da Zakariyya, ya rage murya.

"Mushe, ni na yarda abin wasa ne. Amma ka ga yadda ake ciki. In na sa ka a mota yanzu, sai na harbi mutane kafin in fita, kuma ba zan yi ba. Ka iya haɗa abin nan?"

"Ban taɓa haɗawa ba, Shef. Na dai karanta yadda ake yi."

"To yau za ka haɗa. A gabansu. Su gani da idonsu kwali ne da katako."

Aka kawo teburin wani mai shayi aka ajiye a inuwa. Zakariyya ya goge shi da hannun rigarsa, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya. Ga bututun kwali mai tsawon kamu ɗaya, ga wani ƙaramin bututu da zobba biyu, ga kai mai tsini na jar roba, ga falle na katako mai laushi wanda aka zana fukafukai uku a jikinsa, ga laima ta leda a naɗe wadda za ta sauko da rokar, da igiyar roba, da kwalbar gam. Wata uku yana jiran wannan kwali. Ya riga ya tsara yadda za a yi: zai raba 'yan aji gida uku, kowane gida da fiffike ɗaya, 'yan mata su ɗaura laimar, a auna tsawon tashinta da lissafin kusurwa a filin ƙwallo. Shekara goma sha ɗaya yana zana roka da alli a allo ga yaran da ba su taɓa ganin ko jirgin sama a ƙasa ba.

Da ya ɗauki ƙaramin bututun zai zura masa zoben farko, sai ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya yi dariya. Ya sunkuya ya ɗauko, ya hure masa ƙasa.

"Faɗi abin da kake yi," in ji Ajidan. "Da ƙarfi."

"Wannan shi ne gidan inji," Zakariyya ya ce. Ya yi gyaran murya. "A nan injin zai zauna. Zobban nan biyu su ke riƙe shi a tsakiya, don kada ya karkace. In ya karkace, rokar ba za ta tafi sama sak ba."

Ya shafa gam, ya tura gidan injin cikin babban bututun har ya zauna daidai. Sannan ya nemi reza. Aka dubi Ɗan Bala. Dattijon ya zaro wuƙarsa daga kube, ya ajiye a kan tebur, ya bar hannunsa kusa da ita. Da ita Zakariyya ya yanke fukafukan daga fallen katakon, a hankali, yana bin layi. Ya haɗa su uku wuri ɗaya ya goge gefensu da 'yar takarda mai kaushi da ta zo cikin kayan, har suka zama tsawo ɗaya. Ya naɗa takardar awo a jikin bututun, ya aro bik na rubutu daga Ajidan, ya ja layi uku.

Wani abu ya faru da shi a nan wanda bai yi tsammani ba. Da ya manna fiffike na farko ya riƙe shi da yatsu biyu yana jiran gam ya kama, sai tsoron ya sake shi. Ya rufe ido ɗaya ya hango fiffiken ta gindin bututun, ya ga ya ɗan kwanta hagu, ya gyara. Bakinsa ya ci gaba da magana shi kaɗai, irin maganar aji.

"Fukafukan nan ba don ado ba ne. Kun ga kibiya? In maharbi ya sa mata gashi a gindi, iska ce ke riƙe gindin a baya, kan ya tsaya a gaba. Haka nan ma."

"Kibiyarmu ba ta da gashi," wani ya ce daga cikin taro.

"To, ta wasu tana da shi."

Kowane fiffike sai da ya ci kusan rabin sa'a kafin ya kama sosai. Rana ta take, inuwar bedin ta tsuke ta koma gindinta. Aka kira azahar, mutane suka tafi kashi-kashi don kada a bar shi ba tsaro. Ya roƙi ruwan alwala, ɗaya daga cikin jandarmomin ya miƙa masa gorarsa. Ya yi salla shi kaɗai a gefen tebur, mutum biyu masu sanduna suna tsaye a bayansa. Da ya sallame ya tarar Ɗan Bala bai gusa ba, yana zaune a kan turmi, idonsa a kan rokar da ke tsaye a tebur da ƙafafunta uku.

"Kana da ɗiya?" dattijon ya tambaya, bai dube shi ba.

"Uku, Baba. Babbar sunanta Nusaiba."

"Mudassir ya yi boko a lakol. Aji shidda ya yi. Shi ka karanta muna takardar likita." Sai ya juyo ya dube shi. "Wanda ya nuna ma mutanen daji gidana ya san gidana. Ba baƙo ba ne. Mai riga mai tsabta ne kamarka."

Zakariyya ya ce Allah ya jiƙan Mudassir. Ɗan Bala ya mayar da idonsa kan rokar.

Saura aikin bai da wuya. Ya manna wani ɗan tsinken bututu a gefe, inda sandan harbawa zai shiga. Ya liƙa bakin igiyar roba a cikin bututun, ya ɗaura ɗaya bakin a jan kan, ya warware laimar ya ƙulla zarenta shida, ya sake naɗe ta kamar yadda zanen ya nuna. Ya cusa 'yar takarda mai hana wuta, ya cusa laimar, ya rufe da kan. Ya ɗaga ta a tafin hannunsa. Ba ta kai nauyin ƙwai biyu ba.

Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Da safe, a warwatse, tarkacen kwali ne da katako. Yanzu ga ta fara sol, da jan kai mai tsini da fukafukai uku, ta yi kama da abin da ake gani a bidiyon yaƙi. Taron ya ja da baya taku biyu. Salula ta fi goma a sama, ana ɗaukarsa yana riƙe da ita, jandarma a dama, jandarma a hagu.

Ajidan ya karɓa ya jinjina, ya miƙa wa Ɗan Bala. "Riƙe ka ji, Baba. Kwali ne. Ko kaza ba za ta kashe ba."

Ɗan Bala ya ƙi karɓa. "Albarushin fa? Ba a sa shi ba tukuna."

"Haka ne!" aka amsa daga baya. "A sa mu gani!"

Zakariyya ya matsa kusa da Ajidan. "Shef, kada a tashe ta a nan. Tana da ƙara, tana da hayaƙi. Mutanen nan a tsorace suke. Kuma ga kara a gonaki, wuta na iya kamawa."

"In ba ka tashe ta ba, za su ce ka ɓoye aikinta ne." Ajidan ya share zufa da hularsa. "Na kira a ƙaro mini mutane tun ɗazu, an ce motar tana wani wuri. Ba ni da wata dabara, Mushe."

Aka fita bayan kasuwa, wani fili da aka riga aka cire gyaɗa, ba kara ba ciyawa. Zakariyya ya ciro ƙafafun harbawa daga ƙasan kwalin ya kafa, ya soke sandan ƙarfen a tsakiya, ya zura rokar. Ya sa injin a gidansa, ya tura siririyar wayar kunnawa ta gindinsa, ya maƙala mata wayoyi biyu, ya ja su har ƙarshensu, wajen taku bakwai. Ya roƙi a ja da baya, wannan karon ba musu aka ja. Ɗan Bala kaɗai ya tsaya kusa da shi, ya sauke bindigar daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu biyu, bakinta yana kallon ƙasa kusa da ƙafar Zakariyya.

Ya durƙusa da 'yar na'urar batir da wayoyin ke shiga a hannu. In injin ya jiƙe a hanya bai tashi ba, za a ce ya hana ta ne da gangan. In ta karkace ta faɗa cikin mutane, ba zai kai ga motar jandarma ba. Ya tuna fiffike na farko da ya kwanta hagu. Ya yi bisimilla, ya danna.

Ya ji ƙarar, wani dogon huci mai kaifi kamar an tsoma jan ƙarfe a ruwa, ya ji warin hayaƙi ya buso masa. Amma bai ɗaga kai ba. Idonsa yana kan yatsan Ɗan Bala da ke jikin kunamar bindiga, ya kasa ɗauke shi daga nan. Ya ji mata sun yi salati. Ya ji wata 'yar ƙara can sama, fat, kamar an fasa leda. Daga nan sai shiru, shirun mutum ɗari da suka ɗaga kai lokaci guda. Yatsan dattijon ya saki kunamar, ya koma jikin katakon bindigar.

Lokacin da Zakariyya ya iya dubawa, rokar ta riga ta sauko, tana kwance can gefen filin, jar laimar tana motsi a ƙasa. Farin layin hayaƙin ne kawai ya rage, tsaye a kan garin, iska ba ta ko taɓa shi ba. Wani ya yi dariya. Wani ya ce, "Kai, nasara da wayo!" Ajidan ya saki numfashi, ya dafa kafaɗar Zakariyya.

"Kun gani," ya ce da ƙarfi. "Abin wasan yara ne."

Ɗan Bala yana nan yana kallon hayaƙin. Ya juya a hankali ya dubi kudu, inda dajin iyaka ya yi baƙi a ƙarshen gonaki.

"Daga ina ake hango wanga hayaƙi?" ya tambaya.

Ba wanda ya amsa.

"Ina tambaya. Mutum shina bisa icce cikin dajin can, shina ganinsa ko ba shi gani?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Ba ta kashe kaza ba, gaskiya ne. Ba aikinta ke nan ba. Aikinta ta ce ga mu nan, kasuwa ta cika, jandarma ukku ne kaɗai. Kuma mu munka ce ya tashe ta."

Zakariyya ya ga maganar tana ratsa taron kamar yadda wuta ke bin kara. Wata mata ta fizgi hannun 'yarta ta nufi gari da gudu. Masu rumfuna suka ruga suna tattara kaya, wani ya kife tiren tumatir bai tsaya ɗauka ba. Masu awaki suna ta jan igiya, babura suna tashi ta ko'ina. Wanda ya yi dariya ɗazu shi ne ya fara ɗaukar dutse.

Rikicewar ce ta cece shi. Rabin mutanen sun yi ta kansu, Ajidan ya tura shi bayan mota ya kwantar da shi a ƙasa, ɗaya daga cikin yaransa ya yi harbi ɗaya a sama. Duwatsu biyu suka sami ƙarfen motar, na uku ya fasa fitilar baya. Ta ƙarƙashin hannunsa Zakariyya ya hango Ɗan Bala tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin, bai jefa komai ba, bai bi motar ba, yana kallon kudu.

Sai da suka hau kwalta Ajidan ya tsaya. Ya mayar masa da katinsa da salularsa, wadda ya karɓo daga hannun 'yan banga tun da rana.

"Ba ni da abin da zan riƙe ka a kansa," ya ce. "Zan rubuta abin da na gani, zan rubuta ni na ce ka tashe ta. Amma kada ka koma garinku yau, hanyar ta cikinsu take bi. Ka tafi Maraɗi ka zauna wurin wani naka." Ya dubi hanyar da suka baro. "Ka yi addu'a kada a taɓa garin nan cikin watan nan, Mushe. In aka taɓa shi, ba takardar da zan rubuta ta wanke ka."

Ya tsayar masa da wata motar haya mai zuwa Maraɗi, ya juya ya koma Gidan Tala.

Kira goma sha tara ya tarar, duk na Ikilima. Ya samu wuri a kujerar baya, jikin taga, ya kira ta yana kare baki da hannu.

"Baban Nusaiba! Kana ina? Kana da rai?"

"Lafiyata lau. An sake ni."

"Hotonka yana cikin wayar kowa. An ce an kama ka da makami za ka kai daji." Tana magana tana haki. "Direktan lakol ya zo da kansa, ya ce in gaya maka kada ka zo aiki sai an ga yadda ta kasance. Nusaiba ta je fanfo, mata suka janye bokitansu, ba wadda ta yi mata magana. Mi ka ɗauko, don Allah?"

"Abin da Marwa ta aiko ne. Wanda na gaya miki."

"Abin wasan?"

"Shi."

Ta yi salati.

"Ki rufe gida," ya ce. "Gobe da sassafe ki kwashi yara ku tafi Tibiri wurin yayanki. Kada ki bi ta Gidan Tala, ki zagaya ko da kabu-kabu ne. Zan same ku can."

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Rigarsa ta yi jar ƙasa, gam ya bushe a yatsunsa ya yi ɓawo. Rana ta yi sanyi, dammunan gero suna jingine a gonaki gefen hanya, mata suna komawa gida da itace.

Mutumin da ke kusa da shi, wani mai babbar riga da jakar fata, ya daɗe yana latsa salularsa yana girgiza kai. Can ya taɓo shi da gwiwar hannu.

"Malam, ka ga abin da ya faru yau wajen Gidan Rumji? Yanzu aka turo mini. Dubi abin da mutanen nan suka mallaka. Wai kuma malamin lakol ne ke haɗa musu."

Ya miƙo wayar. An ɗauki bidiyon daga nesa, daga bayan taro. Ga wani mutum durƙushe ya ba da baya, kansa a sunkuye, ga wani dogo tsaye a kansa. Sai farin abu ya zabura daga ƙasa, mai ɗaukar ya bi shi da hannu mai rawa. Rokar ta tafi sak, ba ta karkata ko kaɗan ba, ta ƙanƙance har ta kusa ɓacewa, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan jar laimar ta buɗe.

"Allah ya tona asirinsu," in ji mutumin, ya kai hannu zai karɓi wayarsa.

Zakariyya bai sake ta ba.

"Don Allah," ya ce, "sake kunna mini."